Ƙasar da Shanya Ba Ta Bushewa

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Auwalu, Innarka ce ke magana. Ƙanwarka Hadiza ce ke riƙe da biro, tunda ni ka sani, ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce ban gane shi ba. Muna zaune a falonta a nan unguwar Karama ta Dubai, da hantsi, yara sun tafi makaranta, maigidanta ya fita. Na ce mata duk abin da ya fito daga bakina ta sa shi yadda ya fito, kada ta gyara min, kada ta zuba min Hausar rediyo.

Ina gaishe ka da kyau. Ina gaida matarka Maryam. Ina gaida takwarata Ummi, a ce mata har yanzu ina jiran carbina da ta rataya a wuya ta gudu da shi. Allah ya tsare min ku a ƙasa da sama da kan ruwa, Allah ya raba ku da mugun ji da mugun gani.

Na san za ka ce, Inna, wasiƙa kuma? Daga Karama zuwa Bur Dubai, tafiyar da ko shayi bai huce ba an isa? To da dalili. In kana gabana, ina buɗe baki sai ka ce, "Halas, Inna, an riga an gama magana." Wannan halas ɗin da kuka tsinto a bakin Larabawa ta zame muku murfin tukunya, da ita kuke rufe kowa. Takarda kuwa ba a ce mata halas. Dole ka karanta. Kuma Hadiza ta ce ranar Alhamis za ka je ofishinku na unguwar Khabaisi ka sa hannu kan maganar tafiyar nan, shi ya sa ban jira wata Juma'ar ba.

Tun Juma'ar da kuka zo cin tuwo ban dawo daidai ba. Ka zauna kusa da ni, ka ce kamfaninku na otal zai ɗauke ka daga Dubai, sun ba ka zaɓi cikin ƙasa biyu da ke manne da juna, Maleshiya ko Tailan, kuma ai ka kai Maryam hutu duka biyun kun gani da idonku. Ka miƙo min waya.

"Inna, kalli nan. Tailan ke nan. Wani tsibirinsu ne. Dubi ruwa, dubi bishiyar kwakwa."

Na ce, "Waɗannan da ke kwance a yashi fa, ba riga ba zani? Marasa lafiya ne?"

Ka ce, "Haba Inna, hutu suka zo, suna shan rana."

Na ce, "Wato mutum da hankalinsa ya hau jirgi ya tsallake duniya don ya je ya shanya kansa kamar kuɓewa?"

Hadiza ta yi dariya har ta ƙware. Ni kuwa ba wasa nake ba, wallahi mamaki ne ya cika ni. Mu da muke gudun rana tun muna yara!

Sai na tambaye ka yaya aka yi ka zaɓi Tailan. Ka ce abinci araha, mutanen akwai fara'a, gidan da za a ba ka yana kallon teku, kuma a waya an ba wurin tauraro biyar. Na ce su wa suka ba shi? Ka ce waɗanda suka je. Na ce kwana nawa suka yi? Ka ce sati ɗaya, wasu biyu. Innalillahi! Auwalu, da karatunka da gemunka, za ka kwashi mace da 'ya ka kai su ƙasa saboda waɗansu da ba ka san ubansu ba sun kwana bakwai sun danna tauraro?

Maleshiya kuwa ka yatsine fuska. Ka ce inda za a kai ka babban birni ne, cunkoso, dogayen benaye, ba abin da ba ka gani a Dubai ba. Maryam ta ce a hankali, kanta a ƙasa, "Amma can ana jin kiran salla, ba a tambayar nama, kuma Yaya Zainab tana can da mijinta." Ka ce mata, "Ai ba ziyarar dangi za mu je ba. Tailan ɗin ma akwai Musulmi, akwai masallaci." Ban musa maka ba, na yarda akwai. Sai ka ɗora da cewa iskar teku za ta yi wa ƙirjin Ummi kyau, wataƙila ma ta daina shaƙar abin nan nata na asma. Na ce, "Kun ga daminarsu?" Ka ce, "A'a, da rani muka je, an ce lokacin ne ƙasar ta fi kyau."

Ka tuna lomar da ke hannuna ta koma kwano? Kuka ce ko gwiwar ce ta motsa. Ba gwiwa ba ce. Maganata na ji a bakinka. Ni na faɗe ta, shekara hamsin da wani abu, kusan kalma da kalma, kuma mahaifinku na faɗa wa.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ku ba.

Ina amarya, mahaifinku, Allah ya ji ƙansa, yana fataucin goro. Ya gaji da kai da kawowa, ya ce zai zauna can kurmi kusa da inda goron yake, ya riƙa aikowa gida. Wuri biyu yake tunani, Kumasi a Gana, ko Abijan a Kwaddibuwa, ƙasa biyu maƙwabta kamar naka ɗin nan. Mutumin kirki ne, ya ce in zo mu je in gani. Da rani muka tafi. Muka sauka Kumasi wurin yayarsa, gwaggonku Asabe, a zango. Gida cike da mutane, kwata a bakin ƙofa, hayaƙi ko'ina, ita kuma Gwaggo Asabe baki gare ta, tun ranar farko ta ce miyata ta yi tsululu. Na ƙi jinin wurin.

Da muka tsallaka Abijan kuwa, Auwalu, na ɗauka Aljanna aka buɗe min. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin garinmu ba, ga ruwa har inda ido ya ƙare. Ga gada, ga fitilu, ga burodi dogo kamar sanda, ga abarba mai zaƙi kamar an zuba zuma. Wani abokin cinikin mahaifinku ya sauke mu, kwana goma ban hura wuta ba, ban wanke ko tsumma ba. Muka dawo na kafe. Na ce Abijan ko in zauna gida. Ya ce, "Ke, can ba mu da kowa, kuma Faransanci suke yi." Na ce masa, "Ai ba dangi za mu je nema ba." Ka ji? Ya ce, "Ba ki ga daminarsu ba." Na ce, "Ruwa ai rahama ne, wa ke gudun ruwa?"

Kuskurena na farko ke nan. Na zaɓi wurin zama da idon baƙo. Ƙasar da aka nuna min a kwana goma daban, wadda na je na tarar daban, alhali suna ɗaya. Wanda ya zo hutu, wani ne ke wanke masa zanin gado, bai san inda aka kai shi ya bushe ba. Kai kanka a otal kake aiki, ka fi ni sanin abin da kuke ɓoyewa a bayan gini. To ƙasa ma tana da bayan gini. Ni ma da kuka kawo ni Dubai ganin likitan gwiwa, satin farko salati kawai nake. Yanzu wata biyar, na san zafin da ke dafa mutum a tsaye, na san ana shiga lif da maƙwabci ba sannu. Kuma ka san inda na gane garin nan? A barandojin Karama. In na leƙa taga na ga shanyar mutane, na san gidan da ke da jariri, na san ɗakin da maza takwas ke kwana. Wannan ba ya cikin wayarka.

Bayan shekara guda da ɗori muka koma Abijan da zama, gab da faɗuwar damina. Na tafi da sana'ata, buhun kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, in riƙa sayar wa 'yan arewa. Sai sama ta ɓalle. Auwalu, ruwan can ba irin namu ba ne da zai zo ya yi faɗansa ya wuce rana ta fito. Kwana da kwanaki yake zuba, in ya tsaya ma iskar kanta a jiƙe take. Na buɗe buhun kuka na tarar ya dunƙule ya yi gashi. Daddawa ta yi funfuna. Takalmin mahaifinku na salla ya yi kore a ƙarƙashin gado. Bangon ɗaki yana zufa kamar mutum. Na yi wanki na shanya, kwana uku na taɓa, kamar yanzu na matse. Na tsaya a tsakar gida na riƙe baki. Ni 'yar ƙasar da in ka shanya zani ka juya ka sha ruwa ya bushe, ban taɓa sanin akwai inda Allah ya yi shanya ba ta bushewa ba.

Akwai wata mata a gidan hayar, 'yar ƙasar ce, tana sayar da acake, garin rogon nan da suke turarawa. Madam muke ce mata. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Ta ga ina ta fama, ta ja hannuna ta kai ni madafarta, ta nuna min igiya a saman murhu, ta nuna min dutsen guga na gawayi. Na fizge hannuna. A raina na ce, ni za a koya wa shanya? In sa kayana su yi warin kifi? Kuskure na biyu ke nan. Duk inda ka sauka, Auwalu, kada ka raina matar da ke maƙwabtaka da ku don ba ta salla ko ba ta jin bakinku. Ita ta san ruwan garinsu. Ka ce wa Maryam ta shiga madafarsu ta ga yadda suke yi.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na sa aka ɗauko biro. Hadiza, rubuta, daina kallona.

Kun sha tsokanata, kai da ƙannenka, wai ni ba ni da kunyar ɗan fari. Ko ranar Juma'ar ma da na ce "Auwalu, miƙo min ruwa," mijin Hadiza ya yi dariya ya ce, "Inna dai 'yar zamani ce, gatsal take kiran sunan ɗan farinta." Nakan yi murmushi in ƙyale. To ba rashin kunya ba ne. Ba kai ne ɗan farina ba. An sa maka Auwalu don kai ne namiji na farko. Kana da yaya mace. A gida na haife ta, na gama wanka, tana wata biyar na goya ta muka tafi Abijan.

Hadiza ta ajiye biro. Ɗauki, 'yar nan. In na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

Kayanta ba sa bushewa. Da ɗanshinsu nake sa mata, da zani mai ɗanshi nake goya ta, a ɗakin nan mai zufa take kwana. Sai ta fara tari. Daga tari sai numfashi, wani ƙara-ƙara a ƙirji, irin wanda Ummi ke yi in abin ya taso mata. Ranar farko da na ji Ummi na yi a gidan nan, sai da na shiga banɗaki na dafa bango.

Mahaifinku yana daji wurin sayen goro, sai ya yi sati bai dawo ba. Ni kuma ka san yadda aka tarbiyyantar da mu. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a rungumarta a gaban mutane, ba a nuna an damu. In ta yi kuka ka kau da kai, wani ya ɗauka. A gida abin yana tafiya daidai, don akwai mai ɗaukar. Ga kaka, ga gwaggo, ga matan gida, kafin ka kau da kai hannu uku sun miƙo. Ni kuwa na kwashi kunyar nan na kai ta ƙasar da ba mai ɗauka. Ina kau da kai, ba kowa a wurin.

Madam ta gani. Ta zo bakin ƙofata ta nuna ƙirjinta, ta nuna yarinyar, tana cewa, "Opital, opital." Na gane sarai asibiti take nufi. Na yi 'yar dariya, na kaɗa hannu, wai ba komai. Ina tsoron matan 'yan arewa da ke layin su ce, ku ga marar kunya, tana rawar jiki a kan 'yar fari. Washegari ta dawo, ta kwance ɗankwalinta, ta miƙo hannu biyu, wato in ba ta ita ta kai. Wallahi abin da gwaggo za ta yi ke nan, Allah ya aiko min da ita har ƙofa. Na hana. Na ce in ba wadda ban san asalinta ba 'yata?

Rana ta huɗu, da la'asar, ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ga leɓen yarinyar ya canja. Nan kunya ta gudu. Na goya ta, na fita ba takalmi, Madam na biye da ni da lema. A hanya na ji ta yi shiru a bayana, na ce alhamdulillahi ta samu barci. Muka isa, likita ya kwance ta, ya duba, ya yi magana da Faransanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Fuskar Madam na kalla na gane.

Ban ce ɗanshi ne ya kashe ta ba, ajali ne, kwananta ya ƙare. Amma kwana uku nake da su a hannu, ni na zubar. Maza suka kai ta, ni mace ban ga wurin ba. Bayan shekaru mahaifinku ya koma neman kabarin, ya ce ciyawa ta rufe ko'ina, ruwa ya baje alamar. Daga ranar ni da shi ba mu sake tayar da maganar ba, dangi ma suka yi shiru don kada su fama min. Wannan shirun shi ne kuskurena na ƙarshe. Da na faɗa muku tuntuni, da ba ka zauna kana lissafa min taurari ba.

Muka tattara muka koma Kumasi, zangon nan da na raina. Can aka haife ka. Ka san abin da ya fi ɗaure min kai? Ruwan Kumasi ma haka yake zuba, shanya ma haka take ƙin bushewa. Amma ranar da ka fara tari, ban ma ji ba, Gwaggo Asabe ta riga ta saɓa ka a kafaɗa ta yi asibiti, tana tafe tana zagina. Ƙasa biyu, ruwa iri ɗaya. Abin da ya raba su mutum ɗaya ce mai baki, wadda ta ce miyata ta yi tsululu.

To ga naka. Hadiza ta duba min, ta ce Maleshiya da Tailan duk ƙasashen ruwa ne, duk akwai asibitoci masu kyau, duk akwai mutanen kirki. Ban zagi ko ɗaya ba, ban taka su ba. In hutu ne, je ka Tailan ɗinka ka sha kwakwa, ka kalli masu shanya kansu. Amma zama? Kai kana otal tun safe, wani lokaci a tura ka wani gari. Ummi ta kasa numfashi ana tsakar ruwa, Maryam ita kaɗai a tsibiri, ba ta jin bakinsu. Wa za ta ƙwanƙwasa wa ƙofa? Kuma ka lura da matarka. Ummi 'yar farinta ce. Ku kuna ganin kun waye, amma ni na ga yadda take yi in ina wurin, yarinyar na tari tana kallon gefe, tana jira in ce a ɗauko maganin. Renon kakarta ce, irin tarbiyyata gare ta. Ba za ta ce maka tana tsoro ba. Da ta ce "Yaya Zainab tana can," iyakar ihun da za ta iya yi ke nan, kai kuma ka ce mata halas.

Abin da nake roƙonka, ba umarni ba ne, roƙo ne. In Tailan ɗin ce dole, ka tafi kai kaɗai ka ci damina guda. Kada ka zauna a ɗakin otal. Ka shiga unguwar da ma'aikata ke zaune, ka ɗaga kai ka ga inda suke shanya, ka taɓa bangon ɗaki da tafin hannunka, ka buɗe durowa ka sansana. Ka auna tafiyar asibiti ranar da ake ruwa, ba ranar da ake rana ba. Ka nemo mace ɗaya, ko wace iri ce, wadda za ta miƙo hannu biyu. Hadiza ta ce bizarsu Maryam a jikin taka take, in ka tashi tasu ta faɗi. To su bi ni Kano, likita ya kusa sallamata, ɗakina ya ishe mu. In kuwa ba za ka iya rabuwa da su ba, ka kai su inda Zainab take, ko da birnin bai yi maka kyau a hoto ba. Kada ka sa hannu ranar Alhamis sai ka zo ka dube ni.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa ka fi ni jin magana. Allah ya buɗe wa takwarata ƙirji, ya raya ta, ta ga jikokinta. Duk ƙasar da ka taka, Allah ya sa ka samu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Madam kuma, in tana raye Allah ya saka mata, ko sunanta na gaskiya ban tambaya ba.

Hadiza tana ta tambayata sunan yarinyar. Ban taɓa kiransa ba, ko tana raye, ko bayan ta tafi. Da farko kunya, daga baya kuma bakina ya ƙi.

Safiya. Safiya sunanta. Rubuta shi da kyau, yadda zai iya karantawa.

Na gaji, Hadiza. Rage min sanyin na'urar nan. Ya isa haka.

Yaya, ni ce Hadiza, nan Inna ta tsaya. Ta juya fuskarta bango, amma ba barci take ba. Ka zo.